Barka da Sallah daga Manila, da saƙon kayan kwalama na shinkafa da kwakwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Umma, Baba, Goggo, Yaya da Auta, barkanmu da Sallah. Da fatan an sha ruwa lafiya, an kuma sauko daga Idi lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Agogon Manila, babban birnin Filifin, yana gaba da na gida da awa 7, don haka lokacin da ake sahu a nan, ku kuna tsakar dare, na san kuma Umma ba ta kwanta ba, tana kan suyar kaji. Ƙasar Filifin Kiristoci ne suka fi yawa a cikinta, amma tun 2002 ƙaramar Sallah ta shiga ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya. A unguwar Quiapo, kewayen masallacin nan mai ƙubba ruwan zinariya da aka gina a 1976, nan Musulmin da suka zo daga tsibirin Mindanao na kudancin ƙasar suke da kasuwa, yau ba wurin saka tsinke.

Auta, kin dame ni kan in rubuto miki yadda suke yin kayan zaƙinsu na shinkafa, waɗanda suke kira kakanin. Ga shi, ki karanta wa Goggo a hankali, ita ce mai hannun. Kusan komai akwai shi a kasuwar gida: shinkafa, kwakwa, ganyen ayaba, rogo, mazarƙwaila. Su ma suna da tasu mazarƙwailar ta rake, panutsa suke ce mata, a ƙoƙon kwakwa ake daskarar da ita. Abu ɗaya ne zai ba ku wahala, kuma gara in faɗe shi tun farko don kada a yi asarar kaya. Shinkafa iri biyu suke aiki da ita. Akwai ta kullum, wadda shinkafar tuwo za ta maye gurbinta. Akwai kuma malagkit, fara fat kamar alli, wadda in ta dahu take danƙo ta haɗe jikinta. Shinkafar tuwo ko an kwana ana tuƙa ta ba za ta yi wannan danƙon ba, in ta huce ma sai ta farfashe. Sai a manyan kantuna masu kayan Asiya ake dacewa da malagkit. Ita kuwa shinkafar buhu da aka turara kafin a casa, a ajiye ta gefe, ba ta shiga ko ɗaya a cikin waɗannan.

Kafin komai, madarar kwakwa, wadda su suke kira gata. A zaɓi kwakwa wadda ta ƙosa, mai nauyi, wadda in an girgiza ake jin ruwa. In an fasa aka ji tsami ko naman yana santsi, a zubar. A kankare baƙin bayan, a goge a magogi mai ƙananan haƙora. Kwakwa ɗaya a zuba mata rabin kofin shayi na ruwan ɗumi, a murtsuke da hannu sosai, a matse a ƙyallen tatar koko. Wannan tatar farko ce, mai kauri, za a samu wajen kofi ɗaya. A mayar da dusar, a ƙara kofi biyu na ruwan ɗumi a sake matsewa, wannan ita ce tsararriya. Kada a haɗa su wuri guda, kowacce da aikinta. Ruwan sanyi ba ya fito da man, tafasasshe kuma yana ƙona hannu ya sa madarar ta fara tsinkewa tun ba a so ba. Kuma a zafin garinmu madarar kwakwa ba ta wuni a ajiye, a tace ta lokacin da za a yi aiki da ita.

Daga tatar farkon ake yin latik, wanda ake barbaɗawa a sama. Kofi biyu a kasko, wuta matsakaiciya. Za ta tafasa, ruwan ya ƙone, mai ya tsatso, sai wasu gudaji farare su rage suna soyuwa a cikin man. Wajen rabin awa ake yi. Daga nan ba a matsawa ko nan da ƙofa, a rage wuta a riƙa juyawa. Da sun yi ruwan zuma a sauke a tsame nan take, don man da ya ɗau zafi zai ci gaba da soya su, minti ɗaya kawai ya isa su yi baƙi su yi ɗaci. Man kuma kada a zubar, da shi ake shafe ganye da gwangwani.

Ku fara da puto, don ƙullunsa ƙullun waina ne, sai dai shi turara shi ake yi, ba ya ganin tanda. Garin Calasiao da ke lardin Pangasinan ya yi suna a kansa, nasu ƙanana ne, a tukwanen ƙasa suke barin ƙullun ya tashi. Shinkafar tuwo kofi biyu, a wanke a jiƙa ta kwana. Da safe a tsane, a haɗa da rabin kofi na dafaffiyar shinkafa, a markaɗa da ruwa kamar kofi ɗaya da rabi, ya yi laushi lilis, in an murza a yatsa kada a ji tsaki. In injin unguwa za a kai, a sa ya wanke bakin injin, in ba haka ba ku ci puto mai attaruhu. A zuba yis ƙaramin cokali ɗaya, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, da ɗan gishiri. A rufe a ajiye wuri mai ɗumi awa 3 zuwa 4, har ya kumbura ya yi ido-ido. Kaurinsa ya ɗan fi na ƙullun waina kaɗan. Ba albasa, ba kanwa.

A shafe ƙananan gwangwanayen alala da man kwakwa, a zuba ƙullu kada ya cika, a bar kwata. Sai ruwan madambaci ya tafasa kafin a jera su, a ba shi minti 12 zuwa 15, a soka tsinke, in ya fito ba ƙullu ya yi. Abin da ke ɓata wa mutane puto shi ne marfi. Tururi yana taruwa a cikinsa ya ɗigo a kan ƙullun, sai saman ya yi rami-rami ya caɓe. Maganinsa a naɗe marfin da tsaftataccen ƙyalle a ɗaure a sama. In wuta ta yi yawa saman zai tsage ya yi tudu, in ta yi kaɗan ya yi nauyi ya danƙare. In kuma ƙullun ya wuce lokaci, zai yi tsami, ya taso a tukunya ya koma ya lotsa. Wasu suna ɗora yankan cuku a sama saura minti biyu a sauke. Ga mai zuwa ƙasar nan kuma, a sani cewa sau da yawa da wata miyar jinin alade ake haɗa shi, dinuguan, don haka tambaya ta zama dole.

Na Musulmin kudu da ya fi dacewa da ranar yau shi ne panyalam, wanda a Mindanao da tsibiran Sulu ba a raba shi da Sallah da biki. Asalinsa da garin malagkit ne, amma na shinkafar tuwo da ɗan fulawa yana yi. Garin shinkafa mai laushi kofi biyu, fulawa rabin kofi. A narka mazarƙwaila kofi ɗaya a madarar kwakwa kofi ɗaya da rabi a kan wuta kaɗan, a tace saboda yashi, a bari ta huce ta koma ɗumi, sannan a kwaɓa. Ya zama yana zuba daga ludayi ba yankewa. A bar shi ya huta awa 3 ko fiye, garin ya sha ruwa. Kasko ƙarami mai zurfin tsakiya ake so, mai kamar rabin kofi, kuma ɗaya-ɗaya ake soyawa. A tsiyaya ludayi ɗaya a tsakiyar man daidai, hannu kada ya yi yawo. Gefen zai baje ya yi ƙaya-ƙaya, tsakiya ta kumbura. A riƙa ɗebo man da cokali ana watsa wa tsakiyar har farin ƙullun ya ɓace, a juya kaɗan a tsame. In bai yi gefen ba, ƙullun ya yi kauri, a ƙara madara cokali biyu. In ya watse a mai, ya yi ruwa. In waje ya yi baƙi ciki ɗanye, wuta ce, mazarƙwaila ba ta jure zafi. A ganina wannan ne zai fi karɓuwa wurin Baba, da shayi.

In Yaya ya dace da malagkit, to a yi biko. Kofi biyu, a wanke, a dafa da kofi biyu na tsararriyar madara, a sauke da ɗan sauranta. A wani faffaɗan kasko a dafa madara mai kauri kofi biyu da mazarƙwaila kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, har ta yi duhu ta yi kauri, in an ja muciya a ga gindin kaskon. Sai a juye shinkafar a yi ta juyawa a wuta kaɗan, minti 15 zuwa 20. Aiki ne na damtse. Ya yi in ya haɗe wuri ɗaya yana sheƙi yana barin jikin kaskon. Wanda ya gaji ya sauke da wuri zai samu fate ne, ba zai yanku ba, washegari kuma ya lalace. Wanda ya dafa shinkafar ta yi luguf tun farko, ƙwayar za ta narke. A shimfiɗa ganyen ayaba a faranti, a shafa mai, a danna bikon da bayan cokali, a barbaɗa latik, sai ya huce a yanka.

In ba a samu malagkit ba, rogo ya ishe ku, su ma suna yi da shi. Rogo mai zaƙi na dafawa, sabon haƙa, ban da mai ɗaci na yin gari. A fere da zurfi, a cire jijiyar tsakiya, a goge, a matse ruwan a zubar. Kofi huɗu na gogaggen rogo, madara mai kauri kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya, ɗan gishiri. Ganyen ayaba a yanka shi kamar faɗin tafin hannu biyu, a goge, a gitta shi a kan wuta har ya canza launi ya yi taushi, in ba haka ba wurin naɗi zai tsage. Cokali uku a kowane ganye, a naɗe siriri, a lanƙwasa bakin biyu ƙasa, a turara minti 45. Wannan shi ne suman na rogo. A buɗe ɗaya a duba, in da sauran fari a tsakiya a mayar, rogo ba a cin sa da saura.

Akwai pichi-pichi, shi ma na rogo: gogaggen rogo kofi biyu, ruwa kofi biyu, sukari kofi ɗaya, a turara a gwangwani har ya yi garai-garai, ya huce sarai, a mirgina a gogaggiyar kwakwa. Abin da ke ba shi tauri da danƙo lihiya ne, wanda asalinsa ruwan toka ne irin wanda Goggo take tacewa. Ƙaramin cokali ɗaya na ruwan toka mai ƙarfi ya isa, in ya wuce haka za a ji ɗaci da warin sabulu. Kuma Auta, na roƙe ki, kada wani ya ce miki sodar yin sabulu ce, ita sodar sabulu guba ce. Bibingka kuwa, wadda ake gasawa a kaskon ƙasa da garwashi sama da ƙasa, ta lokacin Kirsimeti ce, a bakin coci-coci ake sayar da ita daga 16 ga Disamba. Sai wani jiƙon zan rubuto ta.

Batun ajiya: duk abin da aka barbaɗa wa ɗanyar kwakwa a cinye shi a ranar, kuma kada a barbaɗa sai za a kai gaban baƙi. Biko da suman suna kwana ɗaya a waje in sun dahu da kyau. A firiji za su yi tauri, ba lalacewa ba ce, minti biyar a madambaci za su dawo. Tunda wuta ba tabbas, a yi daidai na masu yawon Sallah, a aika wa maƙwabta ragowar.

Umma, a taya ni gai da Kaka da mutanen gidan Kawu, da duk wanda ya tambaye ni. Baba, ina neman addu'a, jarrabawa ta matso. Na turo goron Sallar yara ta hannun Yaya, a raba har da na gidan Inna. Auta, ki ɗauko min hoton puton farko ko ya lotsa, in ga inda aka kuskure.

Wassalam,
'Yarku da ke Manila.