Kun yi shiri kan dandalin tunawa da 'yan Peace Corps, amma ba ku ji ta bakinmu ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da duk ma'aikatan gidanku. Shirinku na daren Lahadin nan ne ya sa na ɗauki waya nake rubuto wannan, kuma ba zan ɓoye maka ba raina a ɓace yake tun daren.

Kun cinye kusan duk lokacin shirin a kan dandalin tunawa da ake tara kuɗin ginawa 'yan Peace Corps, wato 'yan sa kai da gwamnatin Amurka ke turawa aiki ƙasashen waje, a birnin Washington, kun sa wani Ba'amurke ya yi magana an fassara, kun sa wata Ba'amurkiya ita ma an fassara, kun kira malamin jami'a ya yi sharhi, amma ko mutum ɗaya daga cikin ƙauyukan da mutanen nan suka zauna ba ku sa ba. Ko ɗaya fa. Haba Malam Edita, gidan rediyon Hausa ne ku, masu sauraronku su ne suka sauki baƙin nan a gidajensu, ina wahalar ɗaga waya a kira Damagaram ko Maradi ko Tawa?

Tarihin shugaban Amurka Kennedy kam kun ba mu shi tsaf, yadda ya kafa ƙungiyar a 1961, yadda rukunin farko suka sauka Ghana a shekarar. To madalla. Nijar fa? Sun shigo ƙasarmu a 1962, ba su fita ba sai a watan Janairun 2011, bayan an sace wasu samari Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai aka kashe su, sai aka kwashe su 98 da suka rage a lokacin. Tsakanin shekarun nan sama da mutum 3,000 suka yi aiki a Nijar. Kowane ɗaya daga cikinsu a garin wani ya sauka, ruwan rijiyar wani ya sha, kuma da yawansu kafin a kai su ƙauye sai da suka yi watanni a Hamdallaye kusa da Yamai, 'yan Nijar suna koya musu Hausa da Zabarmanci da yadda ake gaida mutane. Duk wannan jama'ar ba ku samu wanda zai yi minti biyu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar malamin nan naku, da ya ce wai sun zo sun koya wa mutanen karkara tsafta da yadda ake shan ruwa mai kyau, mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce haka nan. Ni ɗan ƙauye ne a yankin Mirya, kuma da idona na ga aikin kurkunu, don haka bari in gaya maka yadda abin ya kasance.

Wanda bai taɓa ganin kurkunu ba ba zai gane ba. Ka sha ruwan tabki bana, ba ka jin komai, sai baɗi war haka ƙafa ta yi ƙurji tana zafi kamar an ɗora garwashi, tsutsa ta fara leƙowa, doguwa fara, wata ta kai mita guda, ba ta da allura ba ta da ƙwaya, sai dai a naɗe ta a tsinke kullum a ja kaɗan kaɗan har makonni, in ta tsinke a ciki kuwa ka shiga uku. Kuma da damina take fitowa, daidai lokacin noma, sai ka ga magidanci kwance a zaure gonarsa ciyawa ta cinye. A gidanmu akwai shekarar da babana da yayana duk suka kwanta tare, mu yara da mata muka yi noman.

Anasarar Peace Corps da aka kawo garinmu yarinya ce, ba ta jima da gama karatu ba, da ta zo ko gaisuwa da ƙyar take haɗawa. Mai gari ya ce a ba ta ɗaki a gefen gidanmu, samarin gari suka yi gayya suka ja mata danga suka haƙa mata makewayi, ba wanda ya karɓi ko dala. Innata ce ta riƙa aika mata tuwo da dare da fura da rana, ita ta koya mata ɗaura zane da jan guga, ita ta kwana a kanta lokacin da zazzaɓi ya kayar da ita har aka samu motar da ta kai ta Damagaram. Sunan kakata aka raɗa mata, da shi duk garin ke kiranta, yawancin mutane ma ba su taɓa sanin sunanta na can ba. Yarinyar kirki ce wallahi, ba ta da ƙyama, ta ci abin da muka ci, ta zauna a tabarma, ta je gaisuwar mutuwa ta je suna, kuma ta yi aiki tsakaninta da Allah. Ba na rage mata komai.

Amma aikin kurkunun wa ya yi shi? Ita ta zo da ƙyallayen tace ruwa da hotuna, ta san bayanin yadda cutar ke yawo, wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya bi gida gida kawuna ne, ƙanin innata, Allah Ya jiƙansa. Shi aka zaɓa ɗan sa kai na garinmu. Bai yi lakwal ba, littafin da aka ba shi mai hotuna ne, yana jan layi a duk wanda ya kamu. Shi ke zuwa ya zauna da tsofaffi masu cewa kurkunu a jini yake ko kuma jifa ne, ya yi ta lallashi har su yarda a ɗaura ƙyalle a bakin tulu. Shi ke tsayawa bakin tabki da rana tsaka yana hana mai kurkunu tsoma ƙafa, saboda da zarar ƙafar ta shiga ruwa tsutsar ke zuba 'ya'yanta, sai ya karɓi tulun ya ɗebo wa mutum da kansa. An zage shi a kan haka, akwai wanda ya daina gaishe shi shekara guda don ya hana matarsa shiga tabki. Anasarar in ta yi magana mata suna dariya suna jin daɗi, amma in ta tafi sai su tambayi kawu ko innata, shin da gaske ne? Sai sun ce e sannan ake yi. Bayan ta gama shekarunta biyu ta koma gida, shi ya ci gaba, ba albashi, gonarsa ma tana wahala saboda yawon. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu, ita da Najeriya a lokaci guda, kawu bai kai ba, ya rasu ko takardar yabo ba a taɓa miƙa masa ba. Irinsa suna nan a kusan kowane ƙauyen da cutar ta taɓa, wasunsu suna raye, suna da waya, suna sauraronku. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, me ya hana ku neme su?

Haka in kun je kwarin Majiya wajen Buza a jihar Tawa, layukan dogon yaron nan da aka fara shukawa a 1975 don tare iska, ana ambaton ƙungiyar agaji ta CARE da 'yan Peace Corps da ma'aikatan daji, kuma sun cancanta, amma ramukan manoman wurin ne suka haƙa, a gonakinsu aka shuka, su suka haƙura da hana dabbobi kiwo har itatuwan suka tashi. Wa ya gaya wa malaminku aikin sa kai daga waje ya zo mana? Gayya tun kaka da kakanni muke yinta, zamanin shugaba Kunce kuwa ƙungiyoyin samariya nawa suka gina azuzuwa da hannunsu suka share hanyoyi.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ni ba na adawa da ginin. Mutumin nan da ya bugo waya yana cewa ɓarnar kuɗi ce, gara a kawo kuɗin a haƙa rijiyoyi, ban yarda da shi ba, kuma nan ma mai gabatarwa bai gyara masa ba alhali bayanin yana hannunsa. Dokar da Obama ya sa wa hannu a 2014 ta ba da izinin ginin ne da sharaɗin ba za a taɓa kuɗin gwamnatin Amurka ba, gidauniya ce ke tarawa daga hannun mutane, galibi tsofaffin 'yan sa kan da iyalansu da masu fatan alheri. Kuma dokar gine-ginen tunawa ta can ta ce ban da kuɗin aikin sai an ajiye ƙarin kashi 10 cikin 100 na kula da wurin nan gaba, ga hukumomin da sai sun duba zane sun amince, shi ya sa abin ya ɗauki shekaru har sai da majalisarsu ta ƙara musu wa'adi. Mutum ya cire daga aljihunsa don tunawa da ƙuruciyarsa da abokansa, wasu ma a bakin aikin suka mutu, ni ban ga laifi ba. Wurin ma ba wani makeken fili ba ne, ɗan fili ne mai kusurwa uku kusa da ginin majalisa, za a sa kujerun dutse guda uku masu siffar hannu a miƙe, su kewaye taswirar duniya. Da na ji bayanin hannayen nan sai da na ji wani abu a zuciyata, don na san hannun da ya miƙa wa yarinyar nan ƙwaryar fura ranar da ta sauka. To tunda baƙinku suna kan layi, me ya sa ba a tambaye su ba, a cikin abin da za a rubuta a dutsen akwai ambaton masu masaukin? Akwai hanyar da ɗan Nijar ko ɗan Ghana zai sa nasa? Ni da akwai hanya wallahi zan aika jikka biyu ko uku da sunan innata da kawuna, ba don suna buƙatar kuɗina ba, don dai a san muna ciki. Wannan tambayar ce ta kamaci gidan rediyon Hausa, ba maimaita abin da gidajen Turawa suka riga suka faɗa ba.

Innata tana nan da ranta, ta tsufa sosai, tare muka saurari shirin. Da aka gama sai ta ce min, su ba su ce komai a kanmu ba? Ban san amsar da zan ba ta ba. Har yau tana tambayar labarin yarinyar, ko ta yi aure, ko ta haihu, don wasiƙa ta daina zuwa tun da daɗewa.

Abin da nake roƙo shi ne ku sake shirin. Ku tura wakilinku na Damagaram ya shiga ƙauyukan Mirya, ku nemi malaman da suka koyar a Hamdallaye, da yawansu suna Yamai, ku nemi ungozomomi da tsofaffin 'yan sa kan kurkunu, a Najeriya ma akwai dattawan da 'yan Peace Corps suka koyar a sakandare a shekarun 1960, ku bar su su faɗi mai daɗi da marar daɗi, don ba duka baƙin ne suka yi abin kirki ba, akwai waɗanda suka zo suka yi zamansu suka koma ba a ga komai ba, mu muka san su. In ba ku da lamba ku sanar a iska, za ku ga kira.

Sannan tunda na riga na rubuto, dan Allah maganar farashin kasuwa na safiyar Juma'a. Kullum naira naira, buhun gero a Dawanau kaza, buhun wake kaza, mu da ke wannan gefen sai mun tsaya lissafin canji kafin mu gane, kuma canjin kullum motsi yake. Ku riƙa faɗa da sefa ma mana, ku sa kasuwar Dole ta Damagaram da ta Maradi a ciki, kuma ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin muryar mai karantawa, a ƙaramar rediyo ba a jin lambobin sam. Na aiko saƙo a kan wannan tun kafin azumi ba a karanta ba.

Na gode, a gaida mutanen ɗakin labarai.

Mai sauraronku daga yankin Mirya, jihar Damagaram.