Zuwa ga Alhajin da ya tambayi nawa aka biya ni

Alhaji, ranka ya daɗe,

Na ga tambayarka a Facebook, na kuma ga masu tafa maka. Ka ce mutanen Garwa sun kasa sayen magani, ni kuwa nas ina ta waƙar a zuba bayanan majiyyata a kwamfuta, asibitoci su riƙa miƙa wa juna. Ka kuma kawo batun ɗauke wuta da na sirrin majiyyata. Sai ka rufe da: "Nawa aka biya shi?"

Nan ne ka sosa min inda ke ciwo. Shekara 22 ina cikin farar riga, har gobe a tsohon babur nake zuwa aiki. Tambayi duk wanda na taɓa ɗaura wa ruwa daga nan har Fitowa.

Da damina wata gyatuma ta zo mana daga Gidar, jiri na ɗibarta. Ruwa ya jiƙa karnenta, wato ɗan littafin asibitinta, shafukan sun manne kamar ƙosai. Ta kwance bakin zane ta zube magunguna: Glucophage da metformin, tana haɗiyar duka biyun safe da yamma. Abu ɗaya ne, Alhaji, sunan kamfani kawai ya raba su, sai kuma tsada. Likita biyu suka rubuta, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Ta biya sau biyu, muka sake awon jini, ta sake biya. Da bayananta na inda kowane likita zai gani, da kuɗin nan na ƙullinta.

Batun ɗauke wuta, gaskiyarka, ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki na ja baya da rani. Akwai sola. Sirri kuma a sa masa doka da makulli; karnen da ake mantawa a kan bencin asibiti wane sirri yake rufewa?

Abin da ban gane ba, yaushe tausayin talaka ya kama ka? Ko don ranar da aka iya bin sawun takardar likita, katan-katan ɗin maganin da ke shan rana a rumfarka za su rasa mai saye?

Tun 2023 aka ƙaddamar da CSU, shirin gwamnatin Kamaru na kiwon lafiya ga kowa, mai ciki na da cek ɗin lafiya na sefa 6,000. Madalla. Amma mai hawan jini har yau daga aljihunsa yake saye, wata bayan wata, in kantin asibiti ya ce babu sai ya faɗo hannun irinku. A kan wannan ban taɓa jin ka yi tari ba.

Ina bakin aiki ranar Litinin. Ka zo da rasiɗan kayanka, in zo da takardar albashina.

Naka,
Wani nas a Garwa