Maganin mutum ba na mage ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu kiwon mage, tun daga ta gida mai kamun ɓera har irin masu dogon gashin nan da matasa ke saye da tsada. Sau da yawa abin da ke kashe mage daga hannun mai ita yake fitowa, kuma da kyakkyawar niyya.

Na farko shi ne farasitamol. Mutum ya ga magensa ta yi laƙwas, sai ya ɓalli ƙwaya ya ɗura mata. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa wannan magani ya fita daga jiki, saboda haka yakan zama guba. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar mage mai kilo 4. Cikin 'yan sa'o'i dasashinta zai koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi sama-sama, domin jini ya kasa ɗaukar iska. Akwai makari, amma sai an garzaya asibitin dabbobi da wuri. Ɗura mata manja ko madara ɓata lokaci ne, wani sa'in ma ta shaƙe. Ibuprofen kuwa, wato maganin ciwon jiki, ƙoda yake lalatawa.

Haka fiya-fiya da maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin. Mage tana lasar jikinta kullum, duk abin da aka shafa mata cikinta zai je. Alamarsa dalalar miyau, karkarwa da farfaɗiya. In hakan ta faru, a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a goge mata jiki ta bushe, a kai ta wurin likita. Gidan da ke da mage kuma bai kamata a zuba maganin ɓera ba, don za ta ci ɓeran da ya ci gubar.

Batun abinci nan ne aka fi yin sake. Mage maciya nama ce zalla. Tana bukatar wani sinadari mai suna taurine, wanda a nama da kifi ake samunsa, rashinsa kuma yana kawo makanta da ciwon zuciya a hankali. Tuwo da shinkafa ba su riƙe ta, miyarmu kuma cike take da albasa da tafarnuwa masu fasa jajayen ƙwayoyin jininta. A dafa mata nama ko kifi ba gishiri ba yaji, a cire ƙaya. Madarar shanu, duk da yadda take sonta, gudawa take sa yawancin manyan maguna.

Sai haukan kare, wanda mage ma tana ɗauka ta kuma yaɗa. A yi mata allurar rigakafi tana wata 3, a maimaita duk shekara, maganin tsutsar ciki kuma duk wata 3. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi tsinin allura ba.

Na gode, Edita.

Wani likitan dabbobi,
Zariya