Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Ahmed Aliyu: A Auna Ƙasa Kafin A Ɗora Mata Bene

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum.

Ni magini ne a nan Sakkwato, kuma abin da na gani da damina ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani bawan Allah ya kira ni in duba gidansa, bene ɗaya, bai daɗe da tarewa ba. Bangon falo ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, na zura yatsana ya shige. Ƙofar ɗaki ta daina rufuwa. Da muka haƙa gefen harsashin, baƙar leda da tsummokara muka yi ta tonowa. Ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara, aka lulluɓe da jar ƙasa, aka sayar masa. Bai yi ƙwauron siminti ko rodi ba. Ƙasar ce ta kasa ɗaukar kayan.

Ranka ya daɗe, ƙasar garin nan ba ɗaya ba ce. A kan tudu akwai marmara wadda sai diga ta sha wuya kafin ta fasa. Ka gangara fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa, inda ambaliyar 2010 ta cinye hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai laka. Ita laka kumbura take da damina, ta motse da rani, ginin da ke kanta yana bin ta sama da ƙasa har ya dare. A lissafin injiniyoyi, laka mai laushi ba ta ɗaukar fiye da tan 7 da rabi a kan murabba'in mita ɗaya, alhali matsattsiyar tsakuwa tana ɗaukar sama da tan 60. Amma mu duk inda muka je, zurfin rami ɗaya muke yi, faɗi ɗaya, saboda haka muka koya.

Roƙona shi ne kada hukumar tsara birane ta ƙara sa hannu a kan zanen bene sai da takardar gwajin ƙasa daga injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya. A kuma fitar da taswirar tsofaffin kududdufai da wuraren da ruwa ke kwanciya, irin su Mabera, tun dattawan da suka san su suna raye. Gwajin ma a sauƙaƙa shi: a ba Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi kayan aiki, mai ƙaramin ƙarfi ya biya kuɗi kaɗan a auna masa.

Mutumin nan yanzu ya kwashe iyalinsa sun koma haya, bashin ginin kuma yana wuyansa.

Wassalam.