Amsa ga Baba Rabaran: Coci Ne Ya Cika, Ko Gari Ne Ya Cika?

Baba Rabaran, ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Mama da dukan ikkilisiya.

A taron shugabannin ikkilisiyoyin yanki da aka yi kwanakin baya kun miƙe a gaban jama'a, kuka nuna ni, kuka ce: "Kai da ka karanta ƙididdiga, raba mana gardama. Wasu na cewa mutane sun daina zuwa coci, mu kuwa kowace Lahadi sai mun aro kujeru. Masu zuwa sujada ƙaruwa suke yi ko raguwa?" Na roƙi a ba ni lokaci, aka bushe da dariya, wani dattijo a baya har yana cewa malamin lissafi ya kasa lissafi. Tun da a bainar jama'a kuka yi tambayar, gara amsar ma ta fito fili.

Baba, mai cewa an ƙaru da mai cewa an ragu duk suna iya zama masu gaskiya a rana ɗaya. Ɗaya kawunan da ke cikin coci yake ƙirgawa. Ɗayan yana gwada waɗannan kawunan da yawan mutanen da ke zaune a yankin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai idonku daga bagade benci kawai yake gani, ba ya hango sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan gari.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda abin ke tafiya. A ce yanki yana da mutum 100,000, daga cikinsu 20,000 na zuwa coci ranar Lahadi. Kashi 20 cikin 100 ke nan. Bayan shekara 20 mutanen yankin sun kai 180,000, masu zuwa coci sun zama 27,000. An samu ƙarin mutum 7,000, an faɗaɗa gini, an ƙara sujada ta biyu, fasto yana ta godiya. Amma 27,000 cikin 180,000 kashi 15 ne kacal. Da a ce cocin ya riƙe matsayinsa na da, da mutum 36,000 za a gani. Wato akwai 9,000 da ya kamata a ce suna nan amma ba su, kuma ba wanda ya lura da rashinsu domin kujerun da za su zauna a kai ma ba a taɓa sayensu ba. Inda jama'a ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, cikin shekara 23 zuwa 24 sun ninka. Cocin da bai ninka ba a wannan tsakanin ya ja baya, komai cikarsa.

Duniya gaba ɗaya ma a wannan hali take. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da lissafi a 2025 cewa tsakanin 2010 da 2020 Kiristocin duniya sun ƙaru da kimanin miliyan 122, suka kai biliyan 2.3. A daidai wannan lokacin rabonsu a cikin mutanen duniya ya sauko daga kashi 30.6 zuwa 28.8. Mai son ya yi wa'azin nasara ya ɗauki lamba ta farko, mai son ya yi kuka ya ɗauki ta biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Landan ta fi kusa da tambayarku. Peter Brierley, wanda ya daɗe yana ƙirga masu zuwa coci a Birtaniya, ya gano cewa daga 2005 zuwa 2012 masu zuwa sujada ranar Lahadi a birnin sun tashi daga kusan 620,000 zuwa kusan 720,000, ƙarin kashi 16. Wasu suka ce farkawa ta zo. To amma birnin kansa ya ƙaru da mutum kusan miliyan ɗaya tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2011, daga miliyan 7.2 zuwa 8.2. Da aka raba, rabon masu zuwa coci ya motsa ne daga kashi 8 da ɗoriya zuwa abin da bai cika 9 ba. Ƙari ne na gaske, ba a raina shi, amma ƙarami ne. Kuma yawancinsa baƙin da suka shigo ne suka kawo shi, musamman 'yan Afirka da majami'unsu na Fentikos. Waɗannan mutanen da bangaskiyarsu suka sauka daga jirgi. Bencin da suka cika a Landan, wani benci suka bari a wani wuri.

Wannan ne ya kawo ni ga fastocin karkara, waɗanda na ga sun yi shiru a taron nan kamar masu laifi. Ƙauye mai mutum 10,000 da 4,000 ke zuwa coci, idan matasa suka kwashe zuwa birni ya koma mutum 6,000 da 2,700 ke zuwa, cocin ya yi asarar mutum 1,300, amma rabonsa ya hau daga kashi 40 zuwa 45. Faston wannan ƙauyen ya fi na birnin da ke aron kujeru riƙe jama'arsa. A ganina rashin adalci ne a auna shi da yawan baiko ko yawan kawuna, alhali shi ne ya yi wa yaran baftisma, ya koya musu a makarantar Lahadi, sannan wani ya girbe su a birni yana ba da rahoton girma.

Kafin a raba ma, sai an tambaya: me ake ƙirgawa? Lambobi iri uku ne mutane ke cakuɗawa kamar abu ɗaya. Akwai wanda in an tambaye shi addininsa zai ce shi Kirista ne. Akwai wanda sunansa ke cikin rajistar wata ikkilisiya. Akwai kuma wanda ya tashi da safe ya zo ya zauna. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2011 mutum miliyan 33.3 suka ce su Kirista ne, kashi 59.3. A ta 2021 suka koma miliyan 27.5, kashi 46.2. Duk da haka masu zuwa sujada a Cocin Ingila, wato Angilikan, a mako ɗaya ba su kai miliyan ɗaya ba ko a 2019, kafin korona. A Jamus rajista ba ta da wasa, domin ɗan coci yana biyan harajin coci ta hannun hukuma, mai son fita kuma sai ya je ofis ya sa hannu. Shi ya sa aka san cewa mutum 522,821 suka fita daga Cocin Katolika a can a 2022. Daga cikin 'yan Katolika kusan miliyan 21 da suka rage a rajista, kashi 5.7 ne aka ƙirga a sujadar Lahadi a shekarar.

A wuraren da babu irin wannan tsari, rajista ta fi kowace lamba yaudara. Shiga ake rubutawa, fita ba a rubutawa. Mutum ya yi baftisma a nan, ya yi aure a can, ya sauya sheƙa zuwa wata ɗarika ta uku, sunansa yana littafi uku. In aka tara rahotannin, mutum ɗaya ya zama uku, wani lokacin ma ya riga mu gidan gaskiya ba a soke shi ba.

Wani zai ce to a fita a tambayi mutane mana. An gwada, kuma a nan ne labarin ya fi ban sha'awa. Shekaru da dama kamfanin Gallup yana tambayar Amurkawa ko sun je wurin ibada cikin kwana bakwai da suka wuce, kusan kashi 40 suna amsa e. Lambar ta ƙi motsi, har ana kafa hujja da ita cewa Amurka daban take da Turai. A 1993 masu bincike uku, Kirk Hadaway da Penny Marler da Mark Chaves, suka ce gani ya kori ji. Suka ɗauki gundumar Ashtabula a jihar Ohayo, suka bi majami'un Furotesta ɗaya bayan ɗaya suna tattara ƙirgen kawuna, sannan suka buga wa mutanen gundumar waya da irin tambayar Gallup. A waya kusan kashi 36 suka ce sun je. A benci kusan kashi 20 aka samu. Na Katolika ma haka abin ya fito, kusan rabin abin da baki ke faɗa.

Ba na kiran mutanen nan maƙaryata. Wanda ya ɗauki kansa mai zuwa coci, in ka tambaye shi makon jiya, abin da yake ji shi ne kana tambayarsa wane irin mutum ne shi, sai ya ba ka amsar wannan. Shi ya sa masu bincike suka koma wata dabara: a ce wa mutum ya lissafa abin da ya yi jiya tun daga tashi har kwanciya, ba a ambaci coci ba. Ta wannan hanyar lambar takan sauko. A 2024 Devin Pope na Jami'ar Chicago ya bi sawun wayoyin hannu sama da miliyan 2, ya ce kashi 5 ne kawai ke zuwa kusan kowane mako. Wannan lambar ina taka-tsantsan da ita, domin akwai mai barin waya a gida ranar ibada, akwai mai kashe ta.

Ƙirgen kawuna shi ma yana da nasa ramin, kuma tsohon rami ne. Ranar Lahadi 30 ga Maris 1851 gwamnatin Birtaniya ta sa aka ƙirga duk wanda ya shiga wurin ibada a Ingila da Wales, safe da rana da yamma. Aka samu zama kusan miliyan 10.9 a ƙasa mai mutum miliyan 17.9. Nan take rigima ta tashi: nawa ne suka zo sau biyu ko sau uku? Horace Mann, wanda aka ɗora wa aikin, ya yanke cewa a ɗauki duk na safe, rabin na rana, da sulusin na yamma, ya fito da mutum kusan miliyan 7.3. Rabin nan da sulusin nan daga kansa ya ciro su. Angilikan suka zargi sauran ɗarikoki da kumbura lamba, su ma suka rama, gwamnati ba ta sake irin wannan ƙidayar ba har yau. Duk cocin da ke sujada biyu ko uku yana da matsalar Mann. Mawaƙa da dattawa da masu zaunar da jama'a ana ƙirga su a kowace sujada.

Akwai kuma abin da kawuna ba sa nunawa. In mutum 400 da ke zuwa kowace Lahadi suka koma zuwa sau biyu a wata, ƙirge zai ce 200, alhali ko mutum ɗaya bai bar ikkilisiya ba. Wannan ciwo daban ne da na wanda ya tafi, maganinsu ma daban.

Abin da ya fi damuna shi ne shekaru. Coci biyu masu mutum 500 kowanne, ɗaya rabinsa yara, ɗaya rabinsa masu furfura, lambarsu ɗaya a yau amma gobensu ba ɗaya ba. A Jamus a 2022 'yan Katolika sun yi baftisma kusan 155,000, suka yi jana'iza kusan 240,000. Ko da ba wanda ya sa hannu ya fita, wannan giɓin kaɗai ya isa ya rage su. Inda ake haihuwa da yawa kuwa yara sukan rufe asiri. Makarantar Lahadi a cike take, sai a zaci komai lafiya, ba a tambayi ina 'yan shekara 18 zuwa 30 suka shiga ba.

Na san akwai dattawan da ke tsoron ƙirge saboda abin da ya sami Sarki Dauda lokacin da ya ƙidaya jama'arsa. Ku kuka fi ni sanin fassarar wannan. Ni dai na lura makiyayin da ya bar tumaki 99 ya tafi neman ɗaya, sai da ya ƙirga kafin ya san ɗaya ta ɓata.

Ga abin da nake roƙo ku kai wa majalisar shugabanni. A zaɓi lokaci ɗaya a shekara da babu biki a cikinsa, kowane coci a yankin ya ƙirga a lokacin, manya da ƙanana da waɗanda ke taruwa a aji ko a shago. Cocin Ingila Lahadi huɗu na Oktoba yake amfani da su. 'Yan Katolikan Jamus sau biyu suke yi, Lahadi ta biyu ta azumin Ista da Lahadi ta biyu ta Nuwamba. A Polan tun 1980 suke ƙirgawa a Lahadi ɗaya kowace shekara, kuma ba da dukan 'yan rajista suke rabawa ba, sukan cire kashi 18 na ƙananan yara da marasa lafiya da tsofaffi. Da haka suka iya ganin faɗuwa daga kashi 36.9 a 2019 zuwa 28.3 a 2021, da ɗan farfaɗowa zuwa 29.5 a 2022. Na fi son hanyar Lahadi huɗu, domin ruwan sama ko jana'iza ɗaya na iya ɓata ƙirgen rana guda. Kada mai ƙirge ya zama faston wurin, ba don rashin yarda ba, don a sauke masa nauyi ne. A raba maza da mata, yara da matasa da manya. Wanda ya zo sujada ta biyu bayan ya zo ta farko a rubuta shi gefe. Sabon da ya shigo a tambaye shi abu ɗaya: daga wani coci ya zo, daga wani gari, ko bai taɓa zuwa ko'ina ba? Amsar wannan tambayar ce za ta raba girman bishara da na ƙaura. Sannan a ajiye jimlar kusa da yawan mutanen yankin na wannan shekarar, da iyaka iri ɗaya kullum, domin in aka canja iyakar yanki a tsakiya lissafin shekarun baya ya tashi a banza.

Shekarar farko ba za ta gaya muku an ƙaru ko an ragu ba, turke ce kawai ake kafawa. Daga ta biyar hanya za ta fara bayyana. Don a rage jira, ina roƙon ku sa a tattaro tsofaffin littattafan baftisma da na aure da na jana'iza da ke jibge a ofisoshin ikkilisiyoyi kafin gara ta gama da su, musamman waɗanda sakatarori suka riƙa rubuta yawan masu sujada a gefen lissafin baiko. In kun ba da izini, zan zo da ɗalibai biyu mu fara kwafe su tun kafin Oktoba.

Ku huta lafiya, Baba. A gaida Mama.

Ɗanku,
malamin lissafin da aka yi wa dariya