Masu cewa a sayo mana tankokin Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in amsa wa abokan hirata na teburin mai shayi a Gangare, masu cewa da za a sayo mana tankokin yaƙi irin na Amurka, da an gama da 'yan bindiga cikin mako guda kamar yadda aka yi wa Saddam. Ni tsohon soja ne, hannuna ya sha baƙin man motoci masu sulke kafin in aje kaki.

Gaskiya ne farmakin sojojin ƙasa da Amurka da ƙawayenta suka fara kai wa dakarun Saddam na Iraƙi ranar 24 ga Fabrairun 1991 awa 100 kacal ya ɗauka. Abin da ba sa faɗa shi ne, tun 17 ga Janairu jirage ke yi wa sojojin Iraƙi ruwan wuta.

Ranar 26 ga Fabrairu, a wurin da ake kira 73 Easting, wanda lamba ce kawai a taswira, ko bukka babu, Kyaftin McMaster na sojan Amurka da tankokinsu ƙirar Abrams guda 9 ya ragargaza tankokin Iraƙi 28 cikin minti 23, bai rasa ko ɗaya ba. Ana cikin guguwar rairayi ne. Amurkawa na da na'urar da ke hango zafin inji ta cikin ƙura, sai su harbi tankar Iraƙi ƙirar T-72 tun mai ita bai san an zo ba. Ga horo, ga GPS, ga fili shimfiɗe kamar faifai. Mai ido ne ya yi dambe da makaho.

Mu makanikai kuwa bayan tanka muke kallo. Abrams ta haura tan 60, injinta irin na jirgin sama ne, tana shan mai kamar raƙumin da ya fito daga Sahara, kuma rairayi na toshe matatar iskarta. Duk inda ta sa gaba, ayarin motocin mai da kayan gyara na biye da ita.

To, abokaina, wace gadar ƙauye ce za ta ɗauke ta a hanyar Bokkos? Ta ina za ta hau duwatsun Riyom ta bi mutum uku a kan babur ɗaya?

Naku,
Tsohon soja, Gangare, Jos.