Jita-jitar Makirci ta Shigo Ikilisiya

Ya Edita,

Ina neman fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana Kirista a ƙasar Zuru game da saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, waɗanda ke ganin makirci a cikin kowace allura da kowace rajistar gwamnati.

Lokacin korona an yi ta cewa rigakafin shi ne lambar nan 666 ta Wahayin Yahaya sura 13, kuma har yau akwai iyaye mata da ke rufe ƙofa idan sun hango masu ɗigon foliyo da akwatin ƙanƙararsu. Mun manta da 2014, lokacin da jita-jita ta sa jama'a wanka da ruwan gishiri da shansa saboda Ebola, har wasu suka mutu.

A zamanin sarki Ahaz, sa'ad da Suriya da Isra'ila suka haɗa kai a kan Yahuza, Ubangiji ya gargaɗi annabi Ishaya (8:12-13) kada ya kira makirci duk abin da jama'a ke kira makirci, kada kuma ya ji tsoron abin da suke tsoro. Barazanar gaskiya ce a lokacin, kamar yadda barazanar 'yan bindiga take gaskiya a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, amma tura zargin da ba mu tabbatar ba shaidar zur ce, wadda Fitowa 20:16 ta hana.

Ina roƙon fastoci da shugabannin zumuntar mata su gayyaci ma'aikatan lafiya su amsa tambayoyin jama'a bayan sujada.

Naku,
Mai karatu daga Zuru, Jihar Kebbi